Batir na biyu a motar shiga daji: amsa ga wani Alhaji daga Agege

Wani Alhaji mazaunin Agege ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice. Yana da Toyota Hilux mai injin dizal da giyar otomatik. Kusan kowane ƙarshen wata shi da 'ya'yansa biyu sukan tafi kamun kifi wajen Epe, ko su kwana a bakin teku can gaba da Eleko, sau ɗaya a shekara kuma su hau Mambila duba shanu. Ya sayi ƙaramin firij na mota saboda allurar insulin da yake yi, da fanka biyu saboda zafi da sauro. Sau biyu ke nan suna wayar gari mota ta ƙi tashi. Wani ya ce ya sa batir mafi girma, wani ya ce ya ɗora batirin inbata irin na gida a bayan mota, na uku ya ce ya cire batirin motar kawai ya sa na litiyam a gurbinsa. Yana son sanin wanne zai bi, kuma ba ya son ya zubar da kuɗi sau biyu.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara. Na daɗe ina aikin wayoyin mota a garin nan, irin mu da ake ce wa rewaya, kuma zan gaya maka gaskiya: babu wacce zan ce ka bi a cikin shawarwarin uku. Dukansu sun tsallake asalin matsalar, wato batir ɗaya ne yake yi maka aiki biyu. Batirin da ke tayar da injin shi ne hanyarka ta komawa gida. Daga yau ka ɗauka haramun ne firij ko fanka ko cajin waya su sha daga gare shi idan injin yana kashe. Kayan zaman sansani su sami nasu batirin daban, da tasu hanyar cikawa. Duk sauran abin da zan faɗa bayanin wannan ne.

Batirin tayar da mota an gina shi da faranta na dalma sirara masu yawa, don ya iya tura wuta mai ƙarfi, amfiya ɗari biyu ko uku, cikin 'yan daƙiƙoƙi, sannan altaneta, na'urar da ke cajin batir idan injin yana aiki, ta mayar masa da abin da ya kashe nan take. Ba a yi shi don a tsotse shi sannu a hankali dare guda ba. Duk lokacin da ya faɗi ƙasa warwas, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan, kuma ba duka ne yake narkewa ba ko da an sake cika shi. Naka ya mutu sau biyu, saboda haka ya riga ya ji rauni. Ka sa a auna shi da mita bayan ya kwana bai yi aiki ba. Cikakke yakan nuna bolt 12.6 zuwa 12.7, idan ya nuna 12.2 yana wajen rabi, ƙasa da 12 kuwa ya galabaita. Ga zafin Legas a kai: batirin dalma yakan rasa kusan rabin kwanansa a duk ƙarin digiri 10 sama da 25, kuma cikin bonet a go-silon Agege ya wuce haka nesa. Sa babban batir irin wannan ba zai hana mutuwar ba, zai dai matsar da ita daga ƙarfe uku na dare zuwa asuba.

Kafin ka je kasuwa ka zauna da takarda da biro. Batir randa ce. Ba a sayen randa sai an san yawan ruwan da gida yake sha a wuni, an kuma san inda za a riƙa ɗebowa. Bari in yi maka lissafin da kayan da ka ambata. Firij mai kwamfuresa na lita 40 zuwa 50 yakan ja kimanin amfiya 4 idan yana aiki, amma ba ya aiki kullum, yana tsayawa yana tashi. A zafin bakin teku, da yara suna buɗe shi suna rufewa, ka ƙaddara zai yi aikin awa 10 a cikin 24, Ah 40 ke nan, wato amfiya sau awannin aiki. Fanka biyu, kowacce amfiya ɗaya da rabi, awa 8 na dare, Ah 24. Fitila Ah 5, wayoyi huɗu Ah 5, idan ɗaya daga cikin samarin ya zo da kwamfuta ka ƙara 6. Jimla Ah 80 a kwana ɗaya. Ka ɗora ɗan rara saboda ranar da zafi ya yi yawa, ka ce 100. Batirin da ke cikin bonet ɗinka gaba ɗayansa da wuya ya kai haka, to ka ga dalilin da ya sa ba ya kai ku safiya.

Amma ka duba firij ɗin da kyau. Akwai wasu akwatunan sanyi masu araha da ba su da kwamfuresa, sai 'yar fanka a murfi. Waɗannan ba sa hutawa, suna jan amfiya 4 ko 5 dare da rana, wajen Ah 100 ko fiye su kaɗai, kuma sanyinsu yana bin zafin waje ne, ba ya tsayawa a digirin da ka sa. Idan irinsa ka saya, canza shi ya fi gaggawa a kan sayen kowane batir, balle da yake magani za ka ajiye a ciki.

Batirin inbata na gida, dogon nan mai ruwa, ka bar shi a gida. Nauyinsa ya haura kilo 60. Ruwan asid ne a cikinsa, a hawa da gangara zai riƙa tsiyaya ta murafunsa yana cin bodin mota. Idan yana caji yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, ga shi an yi shi ne don ya zauna a kusurwar ɗaki, ba don jijjigar hanyar burji ba. Ranar da aka taka birki da ƙarfi kuwa, kilo 60 da ba a ɗaure da kyau ba abin tsoro ne.

Zaɓin gaskiya yana tsakanin biyu ne. Akwai batirin dalma rufaffe mai jure tsotsa, wanda za ka ga an rubuta AGM a jikinsa, akwai kuma na litiyam nau'in LiFePO4. AGM ba ya zubar da ruwa, yana da sauƙin kuɗi, kowane mai caji ya san shi. Matsalarsa ita ce rabin abin da aka rubuta kawai za ka ci idan kana son ya daɗe. Mai Ah 100 zai ba ka 50, nauyinsa kuma wajen kilo 30. Don ka sami ɗarin da muka lissafa sai ka ɗauki biyu, kilo 60 ke nan, mun koma inda muka gudo. Shi kuwa LiFePO4 mai Ah 100 nauyinsa kilo 11 zuwa 13, za ka iya cin 80 ko 90 daga cikinsa ba tare da ka cuce shi ba, yana cika da sauri, kuma yana jure cikawa da saukewa sau dubbai a inda na dalma yake gajiya a ɗaruruwa. Ya fi tsada ranar saye, wannan babu musu. Amma mutumin da yake fita kowane wata, kuma maganinsa ya dogara da firij, ni litiyam nake ba shi shawara ba tare da kokwanto ba. Da sau biyu kawai kake fita a shekara kuma fitila da waya ne bukatarka, da na ce AGM ɗaya ya ishe ka.

Ka kula da haruffan nan, LiFePO4, domin ba kowane litiyam ne iri ɗaya ba. Wanda ke cikin waya da kwamfuta wani nau'i ne daban da ya fi saurin kamawa da wuta idan ya yi zafi ko ya huje. Wannan mai sinadarin ƙarfe da fosfet ya fi natsuwa, shi ya sa shi ake sa wa a mota. A cikin kowane mai kyau akwai allon kariya da ake kira BMS, wanda yake yanke wuta idan an cika shi fiye da kima, ko an tsotse shi ƙarƙaf, ko an ja masa abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan allon ne ya sa shawarar mutum na uku ba ta yi ba. Yawancin masu Ah 100 allonsu amfiya 100 yake bari ta wuce, kik ɗin injin dizal kuwa yana neman ninkin wannan, sai allon ya yanke a daidai lokacin da ka murɗa makulli. Kuma zafin cikin bonet yana kashe litiyam da wuri. Wurinsa cikin mota ne, bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta, a inuwa, a ɗaure shi tamau da ƙarfe, a kuma ɗaga shi daga daɓe. Ka san damina a Legas, ruwa yakan shigo mota ba sallama.

Yanzu mu zo kan ɗebo ruwan randar, domin a nan ne na fi ganin mutane suna asara. Mutum zai kashe kuɗi ya sayi batir mai kyau, sai a ja masa waya ɗaya daga batirin gaba a jona, shi ke nan. Wannan bai raba komai ba, batura biyu sun zama ɗaya, za su mutu tare. Wanda ya ɗan waye sai ya sa rile mai jin ƙarfin wuta, wanda yake haɗa baturan idan injin ya tashi wuta ta kai wajen 13.3, ya raba su idan ta sauka wajen 12.8. Da batirin dalma a tsohuwar mota wannan yana aiki, ni ma na sa da yawa. Da litiyam kuwa akwai matsala. Litiyam a zaune yana nuna 13.2 ko 13.3, sama da inda rilen yake rabawa, saboda haka ka kashe injin amma rilen yana nan a haɗe. Sannan wasu motocin na baya-bayan nan kwamfutarsu tana rage wutar altaneta don tsimin mai, har ta sauko ƙasa da 13 ana cikin tafiya, batirin baya ba zai taɓa cika ba.

Matsala ta uku ita ce ta fi shafar mu mazauna Legas. Litiyam da ya ji yunwa ba ya da kunya, duk abin da altaneta ta iya bayarwa zai zuƙe. A kan babbar hanya, injin yana gudu, fankar altaneta tana hura mata iska, za ta iya daurewa. Amma ka dawo daga Epe ranar Lahadi da yamma, batirin baya ya kusa ƙarewa, ka maƙale a Ajah ko a kan gadar Third Mainland awa biyu, injin yana silo, AC a kunne, fitilu a kunne. Altaneta tana juyawa a hankali, ba ta samun iska, ga kaya ya yi mata yawa. An sha kawo mini irinsu, da ka buɗe za ka ji ƙauri, wayoyin tagullan ciki sun koma baƙi ƙirin. Mai motar yakan ce altanetar ce jabu, alhali haɗin ne ya dafa ta.

Maganin duka ukun na'ura ɗaya ce, cajar da ake rubuta wa DC-DC. Tana zama tsakanin batura biyun, tana ɗaukar wuta daga gaba idan injin yana aiki kawai, tana daidaita ta zuwa 14.2 ko 14.4 da litiyam yake so, kuma ba ta wuce adadin amfiyar da aka yi ta da shi komai yunwar batirin. Wuta ba ta komawa baya ta cikinta. Mai amfiya 30 ta dace da kai: tuƙin awa uku zai zuba maka Ah 90, wato kafin ka isa masauki randa ta cika. Kada a ruɗe ka da mai 50 ko 60. Ka sa a duba lambar da ke jikin altanetarka, ni dai ba na ɗora mata caja da ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Idan ka sami wacce take da mashigar sola a jikinta, mai rubutun MPPT, ka ɗauke ta, ta rage maka sayen na'ura ta biyu. Kuma da kuɗi za su gaza, gara ka sayi batir mai Ah 100 da caja mai kyau, da ka sayi mai 200 ka jona shi da waya tsirara.

Maganar waya ba ƙarama ba ce. A wuta mai bolt 12, siririyar waya tana cinye wutar a hanya. Daga bonet zuwa bayan kujera, zuwa da dawowa, ka ce mita 12. Idan aka ja amfiya 30 ta waya mai kaurin murabba'in milimita 6, fiye da bolt ɗaya zai ɓace ya zama zafi. Da mai kaurin 16, abin da zai ɓace bai kai rabin bolt ba. Ka nemi 16, kuma ta tagulla zalla. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa wankan tagulla. Ka kankare bakinta da wuƙa, idan ka ga fari a ciki ka ajiye musu abinsu. Iskar gishirin bakin teku tana cinye irinta cikin 'yan watanni, ko ta tagullar ma sai ka riƙa shafa wa kawunan batir giris ko basilin.

Sai fis, ɗan hakin da ka raina. Shekarun baya an jawo mini wata Prado da igiya. Wanda ya yi mata haɗi ya huda ƙarfen da ke tsakanin injin da cikin mota ya zura jar waya mai kauri, bai sa robar kariya a hudar ba, bai sa fis ba. Tafiya ta yi tafiya, bakin ƙarfen yana gugar rigar wayar kaɗan-kaɗan, har ranar da tagulla ta taɓa bodi a kan hanyar Ibadan. Da na ɗaga kafet na ga layin ƙuna tun daga wajen feda har ƙarƙashin kujerar baya, robar ta narke ta manne da daɓe kamar kwalta, soson kujerar ya fara cin wuta a daidai inda yaransa suke zaune. Allah ne ya kiyaye, mai motar yana da sifana a aljihun ƙofa ya yi saurin kwance kan batir, hannunsa duk ya ƙone. Tun daga ranar ba na barin mota ta fita daga hannuna sai na ga fis a kan kowace jar waya, kusa da kan batir, bai wuce tazarar taƙi ɗaya ba, kuma a duka ɓangarorin biyu, domin kowane batir yana iya tura wuta cikin wayar. Ka tsaya a kan mai yi maka aiki ka gani da idonka. Firij kuma kada a bar shi a ramin kunna taba. Wannan ramin amfiya 10 ne iyakarsa, kuma filoginsa yana zamewa a gargada ba ka sani ba, sai ka buɗe firij ka tarar da ɗumi. A sa masa filogi mai kamawa, irin na Anderson.

Sola tana shigowa ne idan za ku yi kwana biyu ko uku mota tana tsaye. Faifai mai wat 200 a rana mai kyau zai ba ka Ah 50 zuwa 60, bai cika biyan abin da kuke sha ba amma zai ja muku kwana ɗaya ya zama biyu da wani abu. A watan Yuli na Legas, da hadari ya rufe sama, ka sa ran rabin haka ko ƙasa. Da hunturu kuma ƙura ce, sai an riƙa gogewa. Na fi son mai naɗewa da doguwar waya a kan wanda ake kafewa a rufi, saboda ka ajiye mota a ƙarƙashin bishiyar kwakwa firij ya huta, faifan kuma ka kai shi rana. Idan ka je kasuwar Alaba ka tafi da awo. Faifan zamani yana ba da wajen wat 200 a kowace murabba'in mita ɗaya. Duk wanda ya nuna maka faifai kamar tiren shayi ya ce wat 300 ne, takardar jikinsa ce kawai take faɗin haka. Haka batirin: a ɗora shi a sikeli. Mai Ah 100 da bai kai kilo 9 ba akwai magana a cikinsa. Ka karɓi rasit da garanti a rubuce, ka kuma yi sharaɗin za ka gwada shi a gida. Araha ba ta ado.

Wataƙila 'ya'yanka za su kawo maka maganar akwatin wuta na tafi-da-gidanka, wanda batir da inbata da caja duk suna ciki ɗaya. Abu ne mai kyau ga wanda ba ya son a taɓa wayoyin motarsa, kuma idan an ɗauke wuta a gida ka shigo da shi ɗaki. Mai Wh 1000, wato wat sau awa, ya ɗan gaza batirin Ah 100, wanda yake da Wh 1280. Rauninsa shi ne cikawa: ta ramin kunna taba wat 100 zuwa 120 kawai yake sha, sai ka yi tuƙin awa tara ko goma kafin ya cika. Kuma ka yi hattara da na gwanjo da aka shigo da su daga Amurka. Wutarsu bolt 110 zuwa 120 ce, tamu 230. Kayanka ba za su yi aiki daidai a kansa ba, kuma idan ka cusa cajarsa a soket ɗin gida ba ka duba ba tana iya ƙonewa nan take.

Inbata kuwa ka sayi ƙarama, wat 300 zuwa 500, mai tsaftatacciyar wuta, ka kashe ta idan ba a amfani da ita, domin ko ba a jona komai ba tana lasar amfiya ɗaya. Butar lantarki mai wat 1500 tana jan fiye da amfiya 130 daga batir, allon kariya zai yanke. Shayi aikin ɗan risho na gas ne. Idan kuna tunanin Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023, ku sani ƙaramin nau'insa ma yana shan wat 25 zuwa 40, sai a sake lissafi. In kuma ka sa winci a gaban mota saboda yashi da taɓo, a batirin gaba za a jona shi, injin yana aiki, domin yana iya jan amfiya 300 ko 400.

Janareta ƙarami ba zan hana ka ɗauka ba a tafiyar Mambila, amma ina roƙonka da Allah kada a kunna shi kusa da tanti, kada kuma wani ya kwana a mota injin yana aiki saboda AC. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi, mutum barci kawai yake ji. Mu a Legas mun sha jin gida guda sun kwanta ba su tashi ba. A kai shi nesa, ta inda iska take tafiya da hayaƙin, a cika batir da rana a kashe shi kafin a kwanta.

Ko bayan an yi duk wannan, batirin gaba yana iya mutuwa don kansa, tsufa ko an manta fitila. Motarka otomatik ce, ba a tayar da ita da turi, kuma a bakin teku bayan Eleko ranar aiki kana iya wuni ba ka ga wata mota ba. Ka sayi ɗan akwatin tayar da mota, wanda aka rubuta yana ɗaukar injin dizal mai girman naka, ka cika shi kafin kowace tafiya, kada ka bar shi a kan dashbod rana tana dukansa, kada kuma yara su mayar da shi na cajin waya. Ka haɗa da wayar jona batir mai kauri, da fis na canji, da sifana mai lamba 10.

Tafiyar Mambila ta fi sauƙi ga batir fiye da yadda kake zato. Kwanaki za ka yi kana tuƙi, randa kullum a cike. Da ka wuce Bali da Serti ka fara hawa daga Mayo Selbe, sanyi zai karɓe ka, a Nguroje da Gembu bargo za ku nema ba fanka ba, firij ma hutawa zai riƙa yi. Litiyam ba a cajinsa idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa, amma a cikin mota a ƙasar nan wannan ba abin da zai dame ka ba ne. Abin da zai gwada haɗinka a can jijjiga ce. Duk inda kuka tsaya salla ka ɗaga kujera ka taɓa kawunan batir da na fis, wanda ka ji ya yi ɗumi ko yana motsi ka ɗaure shi. Mai gyaran da ya san cajar DC-DC zai yi wuyar samu a can, don haka ka sa mai yi maka aiki ya zana maka haɗin a takarda ka ajiye a mota.

Na bar maganar insulin a ƙarshe domin ita ta fi tsaya mini a rai. Wanda ba a fara amfani da shi ba ana ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, kuma idan ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya. Ka sa firij a 4 ko 5, ka sa maganin a cikin 'yar roba a tsakiya, kada ya jingina da bangon firij inda sanyi ya fi tsanani, ka ajiye ma'aunin zafi naka na daban a gefensa. Ka cika sauran wurin da gorunan ruwa masu sanyi, su ne za su riƙe maka sanyi na awanni idan wuta ta yanke. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki a busasshiyar iskar Arewa, amma a damshin bakin teku ba ta sanyaya sosai, kada ka dogara da ita a Epe. Wanda ka riga ka buɗe kuwa, likitanka da takardar cikin kwalin su za su gaya maka kwana nawa yake jurewa a waje.

Litiyam ba ya nuna yunwarsa a mita, yana nan a 13 da ɗoriya har ya kusa ƙarewa sannan ya faɗi lokaci guda. Saboda haka a sa maka ma'aunin da yake ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, ko ka sayi batirin da yake nuna kaso a waya ta Bluetooth. Sannan, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ka yi kwanan gwaji a ƙofar gidanka a Agege. Ranar Juma'a bayan la'asar ka kashe injin, ka kunna firij da ruwa a ciki maimakon magani, da dare ka kunna fankokin da fitila kamar kuna sansani, ka rubuta kason batir da zafin firij da magariba, da asuba, da azahar, da la'asar ɗin Asabar. Idan awa 24 ta cika da saura kashi 20 ko fiye, kuma mota ta tashi a murɗa ɗaya, haɗin ya yi. Idan ya gaza haka, ka kawo mini motar da takardar da ka rubuta, daga lambobin zan gane ko batirin ne bai kai abin da aka rubuta masa ba, ko wani abu ne yake shan wuta a ɓoye.